Gonar da Ta Rage wa Baballe

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa tsakanin Lafia da Shabu ya san Baballe, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mai facin nan na gindin mangwaro, dab da inda 'yan acaba ke jiran ɗaliban jami'a, gajere, mai furfura a gemu kawai, wanda ba ya ɗaga kai in ana yi masa magana sai ya gama abin da ke hannunsa. Shekara talatin da 'yan kai yana wannan sana'a, da ita ya aurar da 'ya'ya huɗu. Amma da za a tashe shi daga barci a tambaye shi aikinsa, maharbi zai ce. Faci na cefane ne. Harbi kuwa shi ne abin da ubansa Nababa ya bar masa, tare da wata bindigar toka mai dogon hanci da aka ɗaure ƙotarta da wayar birki.

Ba maharbin daji ba ne irin masu karnuka da rigar layu. Tsuntsu yake harbi, kuma a bakin hanya, don dajin da ake magana ya daɗe da ƙarewa a wannan yanki. Duk inda ka taka gonar wani ce, ko fulotin wani da bai gina ba. Abin da ya rage wa mai bindiga shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin kwalta da kunyar farko. A nan Baballe yake kafe mashin ɗinsa bayan la'asar, ya jira kurciya ko hasbiya ta sauka a kan waya ko a reshe.

Nababa bai koya masa saiti ba sai da ya koya masa sallama. In ka iso bakin gona, kafin ka taɓa albarushi, sai ka ɗaga murya ka kira mai gona, ko ka gan shi ko ba ka gan shi ba, don mutum yana iya duƙe a bayan kunya yana cirar ciyawa. In ya amsa, ya san ƙarar da zai ji ta wane ce. Bakin bindiga sama yake kallo, ba ya saukowa daidai tsayin mutum. In tsuntsu ya faɗa cikin gona, bindiga ba ta bin ka. Jingine ta za ka yi a bakin hanya, ka shiga da 'yar wuƙar yanka kaɗai, ka bi ta kwari kada ka taka shuka. Na farkon da ka samu kuma na mai gona ne, ko da shi ke nan rabonka na ranar. Tsohon ya taɓa marinsa a kan wannan, ranar da ya ɓoye hasbiya a cikin riga, kuma har ya yi furfura in ya zo nan a labarin sai ya shafa kuncinsa na hagu.

Akwai dalilin da ya sa sallamar take zuwa tun kafin harbi. Tsuntsun da ya faɗo da sauran rai sai an yanka shi, in kuwa maharbi ya yi nawa har ya mutu kafin ya kai gare shi, malamai sun ce mushe ne. Don haka bayan harbi babu tsayawa neman izini, gudu ake yi. Wanda ya nemi izininsa tun da fari, gudunsa ba ya firgita kowa.

Waɗanda suka ɓata lamarin 'yan gari ne masu mota. Ranar Asabar sai su fito daga unguwar Bukan Sidi da bindigogin iska na kanti, su sauke gilashi su harba daga zaune, sannan su faɗa gona da takalman ƙwallo suna tattake gyaɗar mutane. Ba su san zabon gida ba balle na daji. An taɓa ciro ƙwayar dalma daga cinyar akuyar wani tsoho. Ga shi kuma zamani ya canja, ƙarar bindiga a gona ba ita ce ƙarar da aka sani da ba. Sai manoman hanyar suka fara tare Baballe ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin kunyarsa, suna cewa ba don shi ba ne, shi kam an san halinsa, amma in aka bar shi ba a da bakin hana sauran. Bai taɓa yi wa kowa musu ba. Godiya yake yi, ya tada mashin. Washegari kuma a gindin mangwaro duk wanda ya kawo faci sai ya ji yadda tarbiyyar harbi ta mutu, saura mutum ɗaya. Matarsa Dijatu ta taɓa ce wa ƙanwarta ita dai a ganinta Malam ya fi jin daɗin wannan labari a kan naman, don naman ko miya ba ya kaiwa.

A ƙarshe gona ɗaya ta rage masa a duk tsawon hanyar, ta Hembadoon.

Hembadoon 'yar Tibi ce, ta kusa sittin, doguwa, mai ƙarfin murya. Shekara tara da suka wuce ta zo da ɗanta Aondofa daga wani ƙauye can kudancin jiha, bayan an far musu. A gona aka kashe mijinta, tana kwance tsakanin kunyoyin doya tana ji. Kowa a Shabu ya san wannan, har da Baballe. Suka sayi gonar bakin hanya a hannun wani ɗan kasuwar Lafia mai sayar da atamfa, ta riƙa shuka riɗi ta gaba, doya ta baya. Kurciya kuwa ba ta da abin so kamar riɗi, don haka zuwan Baballe bai zame mata kaya ba. Mai Bindiga take ce masa, shi kuma Maman Aondofa. In ya miƙa mata tsuntsun farko sai ta ɗaga shi da yatsu biyu ta juya, ta ce wannan ko kyanwarta sai ta nemi ƙari, ya ce ai laifin riɗinta ne da ba ya sa ƙiba. Wani lokaci ta ɗaura masa doya biyu a bayan mashin. Da maƙwabta suka matsa mata ta hana shi kamar kowa, cewa ta yi wannan yana sallama, ita kuma da kunnenta take noma.

Abin da Baballe bai taɓa faɗa mata ba shi ne gonar ta Nababa ce. A cikinta ya koyi riƙe fartanya. Bayan rasuwar tsohon ne wansu ya sayar wa mai atamfa, aka raba abin da aka raba, kowa ya ci nasa ya manta. Shi ma yana cewa ya manta. Amma duk ranar da ya tsaya a bakin kwaltar nan ya buɗe baki zai kira mai gona, sai ya haɗiye abin da ke ransa tukuna, sannan muryar ta fito. Shekara tara yana haɗiyewa. Da wani zai tambaye shi me ya sa duk gonakin da aka hana shi bai damu ba, wannan ce kaɗai yake tsoron rasawa, zai ce don ta fi tsuntsaye ne, kuma zai yarda da abin da ya faɗa.

Wata Alhamis da kaka, an yanke riɗi an jingina shi dami-dami a tsaye yana shan rana, Baballe ya iso bayan la'asar kamar kullum. Tun kafin ya kashe mashin ya ga an yi sabon abu. An kafa 'yan gajerun turakun siminti a kusurwoyin gonar, irin waɗanda masu awon fili ke kafawa, an shafa musu farin fenti. Ɗaya yana nan dab da hanya, a gindin ɗorawar da Nababa ke shimfiɗa buzu ya yi salla. Tun simintin yana ɗanye aka rubuta sunan Aondofa a kai da tsinke. Babu abin mamaki a ciki. Mutum ya sayi gona, ya sa mata iyaka. Baballe ya zauna a kan mashin yana karanta sunan, harafi bayan harafi, kamar wanda aka ba wasiƙa.

Yana nan zaune sai ga makwarwa biyu sun fito daga ciyawa, suna tafiyarsu ta ƙasa a tsakanin dammunan riɗin. Shekara uku rabonsa da makwarwa.

Ɗura bindigar toka ba abin gaggawa ba ne. Sai ka zuba albarushi, ka tura tsumma, ka danna da sandar ƙarfe, ka zuba ƙwayoyin dalma, ka sake tura tsumma ka sake dannawa. A cikin wannan lokaci mutum zai iya yin sallama sau goma. Yana cikin dannawa ta biyu ya hango ɗankwali ruwan ɗorawa can ta dama, bayan dammunan, yana sama yana ƙasa. Ya ce wa kansa ai ba ta kan saiti. Ya ce wa kansa ai ta san shi, wa ke zuwa nan da bindiga in ba shi ba. Ya ce in ya ɗaga murya makwarwa za su tashi. Duk gaskiya ne. Ya sauke bakin bindiga ƙasa, cikin gona, ya yi bisimilla ya ja kunama.

Ɗaya ta tashi. Ɗayar ta faɗi da karyayyen fiffike tana bugun ƙasa, ta nufi cikin riɗi. Baballe ya zabura a guje ta cikin hayaƙi, wuƙa a dama, bindiga a hagu. Bai jingine ta ba. Bai ma tuna tana hannunsa ba.

Da gefen ido ya ga Hembadoon ta miƙe tsaye. Bai ji ta yi ihu ba. Juyawa kawai ta yi ta faɗa cikin kunyoyin doya da gudun da bai taɓa zaton mai shekarunta za ta iya ba, zani a hannu. Ya gani sarai. Amma makwarwar tana gabansa, idonta ya fara lumshewa, sai ya taka fiffiken ya duƙa ya yanka tukuna. Sannan ya bi ta yana kiran Maman Aondofa, ni ne, ni ne. Kiran ƙara mata gudu ya yi. A bakin wani kwazazzabo da ruwa ya ci a ƙarshen gonar ƙafarta ta zame.

Ya same ta a ƙasan ramin, rub da ciki, hannu ɗaya a kan ƙeya, ɗayan ya lanƙwashe a ƙarƙashinta yadda hannu ba ya lanƙwashewa. Magana take yi da yarensu, ƙasa-ƙasa, da sauri, tana maimaita suna ɗaya. Ba ta ɗago ba. Sai a lokacin Baballe ya dubi kansa, ya ga mutum tsaye a kan mace da bindiga da wuƙa mai jini.

Haka Aondofa da maƙwabta suka iske shi, kowa da adda. Allah ya sa akwai wani dattijo a cikinsu da ya san shi tun yana yaro, shi ya shiga tsakani ya karɓe bindigar, ya ce a fara ɗaukar mai rauni, magana tana gidan mai unguwa. Aka kai Hembadoon wurin mai ɗori. Makwarwar kuwa nan aka bar ta a cikin riɗi, ba wanda ya sake bi ta kanta.

Kwana huɗu aka sa kafin zama. Baballe bai buɗe wurin faci ba. Dijatu ba ta yi masa faɗa ba, abin da ta tambaya kawai shi ne ko ya je duba matar. Ya ce ana cewa kada ya je tukuna, ran Aondofa bai huce ba. Ta ce to, ta dama kunun gyaɗa ta kai da kanta. Abokan harbinsa na ƙungiyar maharba su kuma suka zo suka tsara masa magana. Jafaru, wanda ya fi su iya baki, ya ce abin mai sauƙi ne: tsuntsu ya fito ba shiri, ka harba, ka yi gudu don kada halal ta zama mushe, ba ka san da mutum a gonar ba. Wa zai kama mutum da laifin kiyaye addininsa? Baballe ya gyaɗa kai. A kwanakin nan ya maimaita maganar a ransa har ta fara zama kamar abin da ya faru.

Ranar Litinin da hantsi aka zauna a zauren mai unguwa. Batun bindiga bai ɗau lokaci ba, yana da katin ƙungiya, kuma ba wanda ya ce mutum ya nufa, mai unguwa ya ce za a mayar masa. Maganar da ta rage ita ce ko zai sake tsayawa a bakin gonar. Aondofa ya ce sam. Ya ce uwarsa kwana huɗu ba ta runtsa ba, ko murfin tukunya ya faɗi sai ta zabura. Sai Jafaru ya karɓa, ya jero maganarsa tiryan-tiryan, liman ya ƙara da bayanin yanka da mushe, a hankali, yadda wanda ba Musulmi ba zai gane. Aondofa mutum ne mai riƙon coci, kuma ya zauna da Musulmi ya san ba a wasa da irin wannan. Ya sosa kai, ya ce in dai abin na addini ne, kuma Baba bai san Mama tana ciki ba, to shi ba zai ja ba, a dai kiyaye gaba. Mai unguwa ya fara gyara zama zai shafa fatiha.

Hembadoon tana gefe a kan benci, hannu ɗaure da karare an rataye mata shi a wuya da ɗankwali. 

"Mai Bindiga," ta ce, da Hausarta ta kasuwa. "Ni ban san maganan mushe ba, na ku ne. Abu ɗaya zan tambaya. Lokacin da kana sa magani a bindiga, ka gan ni?"

Jafaru ya buɗe baki, mai unguwa ya ɗaga masa hannu.

Ba wanda ya ga abin da Baballe ya gani a ranar. In ya ce a'a, an gama, ranar Alhamis yana bakin kwalta. Ya san haka, kuma kalmar tana kan harshensa. Zai yi daɗi a ce tsoron Allah ne kaɗai ya riƙe ta. Akwai shi, amma akwai wani abu a gabansa. Ya hango kansa yana komawa gindin ɗorawar nan mako bayan mako, yana kiran mai gona, ya san da ƙarya ya sayi wurin tsayuwar, a gonar ubansa, a hannun baƙuwa. Wannan ne ya kasa haɗiyewa.

"Na ga ɗankwalinki," ya ce.

"Ka gani."

"Na gani."

"Ba ka kira ba."

"Ban kira ba."

Ta dube shi ta daɗe. Aondofa ya yunƙura zai tashi, ta dafa masa gwiwa da hannun mai lafiya.

"Don tsuntsu ne?"

Baballe ya dubi tabarma. Ya ce ya ga turakun da suka kafa. Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, kuma yawancin waɗanda ke zauren ba su gane me ya haɗa turaku da makwarwa ba. Ita ta gane.

"Na san gonan babanka ne," ta ce. "Tun ranan da mun saya an gaya mini. Shi ya sa da kowa ya hana ka, ni ban hana ba. Ni ma ina da gona a wani wuri, wani yana noma shi yanzu. Ba na zuwa masa da bindiga."

 Ta juya wajen mai unguwa ta ce a ba shi kayansa, ita ba ta neman komai a wurinsa, ko na ɗori. In sun haɗu a kasuwa ya gaishe ta, za ta amsa, matarsa ma ta gode mata da kunu. Amma bakin gonarta kada ya ƙara tsayawa, da bindiga ko babu. Mai unguwa ya tambayi Baballe ko ya ji. Ya ce ya ji. Aka shafa.

A waje Jafaru ya bi shi har wurin mashin yana faɗa ƙasa-ƙasa, wai kalma ɗaya ce fa, a'a, ko yaron goye ya iya ta, sun ɓata kwana huɗu suna gyara masa hanya ya zo ya rushe da bakinsa. Baballe ya rataya bindigar a baya, ya ce masa ya gode, ya gaida gida.

Hanyar gidansa ta gaban gonar take bi, babu wata. Bai rage gudu ba, bai kuma ƙara ba.

Dijatu tana tsakar gida tana tankaɗe ya shigo. Ta dubi bindigar, ta dubi fuskarsa.

"An ba ka ke nan."

"An ba ni."

"Gonar fa, Malam?"

"Tasu ce," ya ce.

Ya nemi baƙin mai da tsumma, ya zauna a bakin ƙofa ya goge bindigar tun daga hanci har ƙota, ya naɗe ta a buhu ya ɗaure da igiya wuri uku, ya hau kujera ya tura ta saman rufi. Kaka biyu ke nan, bai sauko da ita ba.